Asirin Kamfani da Asirin Rai: Nazarin Jigo da Salo a Wasan Talabijin na Severance

1.0 Gabatarwa

Labarin leƙen asiri daɗaɗɗen abu ne a adabin Turawa, kuma yawancinsa a kan gwamnatoci aka gina shi, watau wata ƙasa ta tura ɗanta ya saje da mutanen wata ƙasar, ya sato mata asirin makami ko na shirin yaƙi. Da tafiya ta yi tafiya, kamfanoni suka ƙasaita har wasunsu suka fi ƙasashe da dama dukiya, sai marubuta suka ɗauke fagen daga ofishin jakadanci suka mai da shi ofishin kamfani. Irin wannan labari, idan aka tsara shi don a riƙe mai kallo cikin ɗar-ɗar tun daga farko har ƙarshe, shi ne za a riƙa kira wasan zullumi a cikin wannan maƙala.

Wasan da za a nazarta shi ne Severance, wanda Dan Erickson ya ƙirƙira, Ben Stiller kuma ya ba da umarni a fiye da rabinsa. Kamfanin Apple ne ya fitar da shi a Amurka. Zango na farko mai kashi 9 ya fara fitowa ranar 18 ga Fabrairu, 2022, na biyu mai kashi 10 ya biyo baya daga 17 ga Janairu zuwa 21 ga Maris, 2025. A kan waɗannan kashi 19 nazarin ya tsaya.

Manufar maƙalar ita ce ta nuna cewa wasan ya juya tsohon labarin leƙen asiri ya kifa shi. A tsohon tsari, asiri na kamfani ne, ma'aikaci ko baƙo ne yake ƙoƙarin sace shi. A Severance kuwa kamfani ne ɓarawon, abin da ya sace shi ne sanin da ma'aikaci ya yi wa kansa, kuma makamin da ya fi yi masa aiki wajen riƙe kayan satar shi ne harshe mai daɗi. Za a dubi tushen matsalar a tarihi, sa'an nan jigo, da zubi, da salo, a ƙare da inda wasan ya yi rauni.

2.0 Tushen Matsalar

Hausawa sun ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba. Wannan magana ita ce ciwon kan duk mai sana'ar da ke da asiri. Yana iya kulle ƙofa, yana iya laluba aljihun ma'aikaci in an tashi aiki, amma abin da ma'aikacin ya gani ya haddace yana fita tare da shi kowace yamma.

Tarihin masana'antu cike yake da ƙoƙarin toshe wannan kafa. A shekarar 1291 hukumar Venis ta tattara masu narka gilashi a tsibirin Murano, daga baya kuma aka hana gwanayensu barin ƙasar don kada sana'ar ta bazu. A ƙarni na 18 Ingila ta haramta fitar da injunan kaɗi da saƙa, ta kuma hana gwanayen aikin yin ƙaura. Duk da haka, a 1789 wani saurayi mai suna Samuel Slater, wanda ya koyi aiki a masaƙa irin ta Arkwright, ya tsallaka zuwa Amurka ba tare da zane ko takarda ba, ya sake gina injunan daga abin da ya haddace a garin Pawtucket. A 1914 kamfanin Ford ya ɗaga albashi zuwa dala 5 a rana, amma ya kafa sashen da ma'aikatansa ke zuwa gidajen leburori su duba yadda suke zaune kafin a ba su ƙarin. A 1996 Amurka ta yi dokar da ta mai da satar asirin kasuwanci babban laifi a gaban kotunan tarayya. Dukan waɗannan dabaru sun tsaya ne a wajen ƙoƙon kan ma'aikaci.

Abin da Erickson ya yi shi ne ya ƙaddara cewa an sami dabarar shiga cikin ƙoƙon kan. Shi da kansa ya sha faɗa cewa tunanin ya zo masa ne lokacin da yake wani aikin ofis mai gundura a kamfanin yin ƙofofi, yana fatan da ma sa'o'in aikin su wuce bai sani ba. Ke nan wasan ya haɗa buri biyu da suka dace da juna a zahiri: burin ma'aikaci na ya manta da aiki, da burin mai kamfani na ma'aikaci ya manta da abin da ya gani.

3.0 Taƙaitaccen Labarin Wasan

Lumon babban kamfani ne na ƙage, wanda aka ce wani Kier Eagan ya kafa a 1865, zuriyarsa kuma suke riƙe da shi. Wasu ma'aikatansa sun yarda an yi musu tiyata an dasa musu wata 'yar na'ura a ƙwaƙwalwa. Da zarar lif ya sauka da su zuwa benen ƙarƙashin ƙasa inda suke aiki, sai su manta da duk rayuwarsu ta waje. Da ya hau da su kuma sai su manta da duk abin da ya faru a ofis. Saboda haka mutum guda ya zama biyu, waɗanda a nan za a kira na-ciki da na-waje. Na-waje shi ke karɓar albashi, shi ke barci, shi ke da iyali. Na-ciki bai taɓa ganin rana ba. Yana shiga lif da yamma, ƙofa ta rufe, ta buɗe, sai ya ga safiya ce ta wata ranar aikin.

Babban tauraro shi ne Mark, tsohon malamin tarihi, wanda ya nemi a yi masa tiyatar don ya riƙa samun sa'a takwas a rana ba tare da baƙin cikin rasuwar matarsa Gemma ba. A ofis yana tare da Irving da Dylan da wata sabuwa mai suna Helly. Aikinsu shi ne su zuba wa lambobi ido a allon kwamfuta, su ware waɗanda suka tayar musu da wani ji a zuciya, kamar tsoro ko baƙin ciki, ba tare da sun san amfanin hakan ba. Shugabarsu ita ce Harmony Cobel, mai kula da su kullum kuma shi ne Milchick.

A ƙarshen zango na farko su huɗun sun yi dabara, uku daga cikinsu suka farka a duniyar waje na ɗan lokaci. Helly ta tarar cewa ita ce Helena Eagan, 'yar mai kamfanin. Mark ya ga hoton matarsa da aka ce ta mutu, ya gane ita ce Ms. Casey, mai ba su shawara a ofis. Zango na biyu ya bi ƙoƙarin fito da Gemma daga benen gwaji da ke can ƙasa, inda aka tsattsaga tunaninta gida 25.

4.0 Jigo

4.1 Leƙen Asiri

Babban jigon wasan shi ne mallakar mutum ta hanyar raba shi da sanin kansa, kuma leƙen asiri shi ne hanyar da aka bi wajen warware wannan jigo. Idan aka lura za a ga leƙen asirin yana tafiya ta fuska uku.

Fuska ta farko ita ce kamfani yana leƙen ma'aikacinsa. A ofis akwai kyamarori, lif kuma yana da na'urar gano rubutu ko alama, don kada na-ciki ya aika wa na-waje saƙo. An kuma bambanta lokutan shiga da fita don kada abokan aiki su haɗu a waje. Mafi muni shi ne Cobel, wadda a ofis take tsawata wa Mark, a gida kuma take zaune maƙwabtaka da shi da sunan Mrs. Selvig, dattijuwa mai kawo masa ɗan abin taɓawa, har ta shiga gidan 'yar'uwarsa Devon da sunan mai taimaka wa mai jego. Abin da jami'an Ford na 1914 suka yi a fili, ita ta yi shi da fatar akuya.

Fuska ta biyu ita ce ma'aikaci yana leƙen kamfani, kuma a nan ne wasan ya zo da sabon abu. Petey, tsohon shugaban sashen, ya nemi wata likita mai suna Reghabi ta haɗa masa tunaninsa biyu, ya fito da abin da ya sani a cikin kansa kamar yadda Slater ya yi, sai dai ƙwaƙwalwar ba ta ɗauka ba, ya mutu. Ya bar taswirar benen a ɓoye bayan wani hoto. Abin lura shi ne ƙanƙantar abin da waɗannan 'yan leƙen asiri suke nema. Suna so su san ina lungun ofishinsu ya nufa, sassa nawa ne a benen, kuma ko suna da 'ya'ya. Da Dylan ya ɗauke wani ɗan kati daga wani sashe, Milchick ya tashe shi a cikin gidansa don ya tambaye shi inda ya ɓoye katin, sai wani yaro ya rugo ya rungume shi yana kiransa baba. Wannan ɗan lokaci ya isa ya mai da ma'aikacin da ya fi kowa son kyaututtukan kamfani ya zama ɗan tawaye. Watau asirin da kamfanin ya fi tsoron ya fita shi ne labarin ma'aikacin kansa.

Fuska ta uku ta bayyana a zango na biyu, kuma ita ce ƙololuwar dabarar marubutan. Bayan tawayen, kamfanin ya nuna wa ma'aikatan wani fim na yabo, ya yi musu alkawarin gyara, ya ce an cire kyamarori. Amma wadda ta dawo cikinsu da sunan Helly ita ce Helena Eagan da kanta, da cikakken tunaninta na waje. Da ɗan gari akan ci gari. A nan ɗan leƙen asiri ba ya bukatar sauya kama ko koyon murya, domin jikin da yake sojan gona da shi nasa ne. Tambayar da ta taso, wadda tsohon labarin leƙen asiri bai taɓa iya yi ba, ita ce: shin mutum yana iya yin sojan gona da sunan kansa? Amsar wasan ita ce yana iyawa, kuma laifi ne, domin Helena ta yi amfani da ƙaunar da Mark yake yi wa Helly har ta kwana da shi, ba da sanin Helly ba, ba kuma da sanin Mark ko da wa yake tare ba.

4.2 Yaudara

Yaudarar Lumon ba kasafai take zuwa da ƙarya tsagwaronta ba. Ta fi zuwa da gaskiyar da aka datse. Gaskiya ne cewa na-waje ya sa hannu da yardarsa, kuma ana nuna wa na-ciki hoton bidiyo na wannan yarda. Abin da aka datse shi ne cewa wanda ya yarda ba shi ne zai sha wahalar ba. Helly ta nemi barin aiki sau da dama, har ta yi barazanar yanke yatsunta, amsar da ta samu daga Helena a bidiyo ita ce cewa ita Helena ce mutum, Helly kuwa ba mutum ba ce, don haka ba ta da ta cewa. Mai kallo a lokacin bai san ko wace ce Helena ba. Sai a ƙarshen zango ya gane cewa maganar ta fito ne daga bakin mai gadon kamfanin, kuma ita ce ainihin aƙidar kamfanin a taƙaice.

Akwai kuma yaudarar raba kai. An cusa wa sashen su Mark cewa mutanen wani sashe sun taɓa far wa abokan aiki da kisa, har da zanen da ke nuna ta'asar. Da Irving da Dylan suka isa wancan sashen, sai aka tarar da irin zanen sak, sai dai a nasu su Mark ne masu kisan. A zango na biyu an ba Dylan damar ganawa da matar na-wajensa a asirce, da sharaɗin kada ya gaya wa sauran, don a ɓalle shi daga cikinsu. An kuma gaya wa Mark cewa wata biyar sun wuce tun tawayensu, alhali 'yan kwanaki ne. Wanda ba ya ganin rana ba shi da hanyar ƙaryata wanda ya gaya masa kwanan wata.

Amma yaudarar da wasan ya fi tsayawa a kanta ita ce wadda mutum ke yi wa kansa. Mark na-waje ya gaya wa kansa cewa yana jinyar baƙin cikinsa ne, alhali ya haifi wani mutum ya ɗora masa aiki ba hutu. Da aka zo kashi na ƙarshe, aka ba su biyun damar yin magana ta hanyar naɗar bidiyo, ɗaya ya yi ya bar wa ɗayan, sai ga shi na-waje yana lallashin na-ciki da irin harshen da kamfanin ke lallashinsa da shi, har ya kuskure sunan matar da na-cikin yake so. Daga nan na-cikin ya daina yarda da shi.

4.3 Zargi

Masana halayyar ɗan Adam suna ɗaukar yawan zargi, watau mutum ya riƙa jin ana bibiyarsa ana ƙulla masa, a matsayin ciwo. Karin maganar nan ta wanda maciji ya sara in ya ga tsumma sai ya gudu, a kan haka take. Finafinan Amurka na shekarun 1970, irin su The Conversation da The Parallax View, waɗanda duka suka fito a 1974 lokacin badaƙalar Watergate, su ne suka juya wannan fahimta, suka nuna cewa a wasu wurare mai zargi shi ne mai hankali. Severance jikan waɗannan finafinai ne, kamar yadda yake da dangantaka da wasan talabijin na Birtaniya The Prisoner na 1967.

Irving ne misali mafi kyau. A farkon wasa shi ne mai biyayya, mai haddace littafin dokokin kamfani. A zango na biyu shi kaɗai ya ƙi yarda da labarin da Helena ta bayar na abin da ta gani a waje, domin ta ce ta haɗu da mai aikin lambu da dare, shi kuma hankalinsa bai ɗauki lambu cikin dare ba. Abokansa suka ɗauka kishi ne da ɓacin rai. Abin da ya tabbatar masa a kashi na huɗu shi ne wata baƙar magana da ta yaɓa masa, domin ya san Helly da zafin kai amma bai san ta da mugunta ba. Ya danna kanta cikin ruwan sanyi har sai da ta nemi Milchick ya dawo da Helly. Ladan da ya samu shi ne kora, wadda ga na-ciki daidai take da mutuwa. Darasin mai ɗaci ne: zarginsa gaskiya ne, amma sai da ya kusa kashe abokiyarsa kafin ya tabbatar da shi, kuma bayan tafiyarsa sauran ukun sun daɗe ba su iya kallon juna da sakin jiki ba. Kamfanin ya yi asarar ɗan leƙen asirinsa, amma ya ci ribar ɓata amanar da ke tsakaninsu.

5.0 Zubi da Tsari

Zubin wasan ya dogara ne a kan bambancin abin da mai kallo ya sani da abin da taurari suka sani. A zango na farko mai kallo ya fi kowa sani. Tun ƙarshen kashi na farko ya gane cewa Mrs. Selvig ita ce Cobel, tun kashi na bakwai ya gane cewa Ms. Casey ita ce Gemma, saboda haka zullumin da yake ciki na jiran ranar da Mark zai gane ne. Kashi na tara ya tattara wannan jira duka a cikin kimanin minti 40, Dylan yana riƙe da maɓallai biyu a ɗakin tsaro da hannuwansa a miƙe, sauran ukun suna waje, ana yanka fitowa daga wannan zuwa wancan, kowa yana tseren faɗar abin da ya sani kafin hannun Dylan ya saki.

A zango na biyu an karɓe wa mai kallo wannan fifiko. Kashi uku cur yana kallon Helena yana zaton Helly ce, ko kuwa yana kokwanto ba shi da hujja. Ta haka aka sa shi a halin Irving, ya koma yana auna tafiya da murmushi da irin kallon da 'yar wasa Britt Lower take yi. Wannan dabara ce ta sa mai kallo ya ɗanɗani jigon a jikinsa maimakon a ba shi labarinsa.

Wurin wasan ma yana aiki irin na tauraro. An ɗauki hoton wajen ginin Lumon ne a tsohon ginin binciken kimiyya na Bell Labs da ke Holmdel a jihar New Jersey, wanda Eero Saarinen ya zana, aka buɗe a 1962. Ciki kuwa farare ne dogayen lunguna marasa taga, masu kama da juna, da faffaɗan ɗaki mai koren kafet da tebura huɗu a tsakiya. Kwamfutocin irin na shekarun 1970 ne, motocin garin ma tsofaffi ne, alhali mutane na riƙe da wayar hannu, don haka mai kallo ma ba ya iya cewa ga shekarar da ake ciki. Jeremy Bentham ya wallafa tsarin wani kurkuku a 1791 inda ɗaurarre ba ya sanin lokacin da ake kallonsa, har ya koma yana tsare kansa. Lumon ya wuce nan, domin mai gadin da ke mai da ɗaurarre kurkuku kowace safiya shi ne ɗaurarren da kansa.

6.0 Salo da Sarrafa Harshe

Ga mai nazarin harshe, nan ne wasan ya fi armashi. Sunan wasan kansa harshen damo ne: a Ingilishi kalmar tana nufin yankewa, tana kuma nufin kuɗin sallama da ake ba ma'aikaci in an kore shi. Haka ɗakin horo, wanda aka ba sunan da a ofisoshi yake nufin ɗakin hutu, amma kalmar da aka gina sunan a kanta tana kuma nufin karyawa. A ciki ana sa mai laifi ya yi ta karanta takardar neman gafara, na'ura tana auna muryarsa, ba za a sake shi ba sai an tabbata da gaske yake. Helly ta karanta fiye da sau dubu. Ba a dukan kowa a fitowar; ana tilasta wa baki ne ya maimaita magana har zuciya ta bi shi.

Haka abin yake a ko'ina cikin benen. Kashe na-ciki sunansa ritaya, ana yin biki a yanka kankana. Lada kan aiki shi ne ɗan abin wasan yara ko minti biyar na rawa. A ɗakin Ms. Casey ana karanta wa ma'aikaci kyawawan halayen na-wajensa, amma da sharaɗin ya ji daɗin kowanne daidai wa daida, kada ya fifita wani. Sunayen da ake kiran na-ciki da na-waje da su a Ingilishi ma irin na maganar yara ne, masu sa abin ya yi kama da wasa. Kan dukan wannan an ɗora harshen ibada: ana ambaton Kier kamar waliyyi, akwai ɗakin gumakan shugabannin kamfanin, littafin dokoki kuma shi kaɗai aka halatta karantawa. Shi ya sa da wani littafin nasiha maras zurfi, wanda Ricken mijin Devon ya rubuta, ya faɗo hannunsu bisa kuskure, suka ɗauke shi tamkar littafin juyin juya hali. Abin dariya ne, amma yana nuna cewa ga wanda aka tsare a cikin murya guda, kowace murya ta biyu 'yanci ce.

Milchick, wanda Tramell Tillman ya fito a matsayinsa, shi ne gwanin wannan harshe, kuma shi ne wanda harshen ya ci. Murmushinsa ba ya gushewa ko yana horo. Da ya sami ƙarin girma, shi baƙar fata, sai kamfanin ya yi masa kyautar zane-zanen Kier da aka mai da shi baƙi, a matsayin karramawa. Daga baya aka tuhume shi da laifin yawan amfani da manyan kalmomi, aka ga yana tsaye gaban madubi yana rage tsawon jimlarsa. Mai tsaron harshen wasu ya wayi gari an sa wa nasa linzami. A 2025 Tillman da Lower duka sun sami lambar Emmy saboda wannan zango.

7.0 Inda Wasan Ya Yi Rauni

Na farko, wasan ya kamu da cutar da ta kama Lost, wanda aka nuna daga 2004 zuwa 2010, watau tara abubuwan al'ajabi fiye da yadda za a iya warwarewa. Sashen kiwon awaki ya ɗauki hankali tun 2022, amma bayanin da aka bayar a 2025, cewa na yanka ne don hadaya, bai kai nauyin jiran ba. Kashi na takwas na zango na biyu, inda aka bi Cobel zuwa garinsu aka bayyana cewa ita ce ta ƙirƙiro tiyatar, ya tsayar da labari cik a daidai lokacin da ya kamata ya yi sauri.

Na biyu, kamfanin da aka ce ya game duniya yana da sakaci da tsaro irin wanda hankali ba ya ɗauka. Bayan kashe Graner, shugaban tsaron benen, an bar ɗakin tsaro ba kowa, abin da ya ba su Dylan dama. Bukatar labari ce ta jawo haka.

Na uku, kuma mafi muhimmanci, yawan kayan tsafi da aka yi wa Lumon yana ba mai kallo mafita. Muddin mugun kamfani shi ne mai gumaka da hadayar awaki, to mai kallo yana iya cewa nasa wurin aikin lafiya lau yake. Fitowar da ta fi tsoratarwa ita ce mai kama da ofis na gaske, kamar bikin kankana da takardar auna ƙwazo. Ba za a kuma manta ba cewa wanda ya biya kuɗin wasan, yake kuma cin ribarsa, shi ne Apple, kamfanin da ya yi suna wajen tsananta ɓoye asirin kayansa. Wannan bai rushe sukar da wasan ya yi ba, amma ya nuna cewa kasuwa tana iya sayar da sukar kanta.

8.0 Kammalawa

An ga yadda wasan ya ɗauki tsohuwar matsalar mai sana'a, ta asirin da ke fita a cikin kan ma'aikaci, ya kai ta iyakarta, da yadda leƙen asiri da yaudara da zargi suka zama rassan jigo guda. An kuma bayyana a ƙarshe cewa lambobin da Mark yake warewa sassan zuciyar matarsa ne, kuma gwaji na 25 shi ne a sa ta kwance gadon jariri, ita da ta taɓa yin ɓari, a ga ko za ta ji wani abu. Hajar da Lumon yake shirin kai wa kasuwa ita ce rayuwa ba tare da ciwo ba, ta hanyar haifar wani ya sha ciwon a madadin mai biya.

Saboda haka ne rufewar zango na biyu ta dace da jigon. Mark na-ciki ya fito da Gemma har bakin ƙofa, ya cika alkawari. In ya bi ta ya fita, na-waje ya sami matarsa, shi kuwa wataƙila ba zai sake farkawa ba. Sai ya juya ya kama hannun Helly suka ruga cikin lungun da ba shi da mafita, Gemma tana bugun ƙofa tana kiransa. Masu kallo sun rabu biyu a kan wannan zaɓi, kuma rabuwar ita ce shaidar nasarar wasan, domin duk wanda ya ce lalle ne na-ciki ya sadaukar da kansa ya koma kan maganar da Helena ta gaya wa Helly tun a zango na farko. A Maris 2025 Apple ya ba da sanarwar zango na uku, kuma da shi ne za a auna ko marubutan za su iya riƙe wannan tambaya ba tare da sun binne ta cikin sababbin al'ajabai ba.